Maigandi da Haruffa Biyun da Inji Ya Cinye

Duk wanda ya saba bin layin masu gyaran rediyo na Nassarawa, nan Birnin Kebbi, ya san rumfar Maigandi ce ke fara buɗewa. Da ya fito masallaci sai ya share gabanta, ya hura gawayi a kurfoti, ya tura ƙarfen liƙinsa a ciki, don shi bai taɓa yarda ya jingina aikinsa da wutar lantarki ba. Kafin ƙarfen ya yi ja, sai ya ɗauko tsumma da 'yar kwalbar sifirit, ya bi kaset-kaset ɗin gem, wato wasan yara na talabijin, ɗaya bayan ɗaya yana goge musu haƙora. Haka yake kiran ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinare da ke bakin kaset. In hantsi ya shigo rumfar ya kwanta a kan tebur, to lokacin ne yake taɓa aiki mai wuya. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka.

Makon nan ya sa wa rumfar kwaɗo, zai koma Argungu. Ba wanda zai kira taro, ba wanda zai ba shi takardar yabo. Ni kuwa katangar gidana ce rumfar ta jingina da ita, na ga abin da na gani, na ji sauran daga bakin waɗanda suka gani, shi ya sa na ce bari in faɗa kafin a manta.

Maigandi ɗan masunta ne. Mahaifinsa gyaran homa yake yi a bakin gulbin Argungu, kuma yatsun nan masu haƙurin ɗaure zare su ne kaɗai gadon da ya samu. Boko bai yi ba. Rediyo ya koya, da ido da kunne. Shekarar da aka ba mu jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Sakkwato da iyalansu, gidajen unguwar Gesse suka cika, shi ma ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya biyo su. Ya zo ne don rediyo, sai ga 'ya'yan ma'aikata suna kawo masa wani abu da bai taɓa gani ba: ɗan inji kamar akwatin burodi, ana tura masa kaset a ka, a haɗa shi da talabijin, sai ka ga ɗan mutum yana tsalle. Yawancinsu na gwanjo ne da ke shigowa ta iyakar Kamba, kuma da an sa su a wutarmu sai su yi hayaƙi. Sauran masu gyara suka ce wannan kayan wasa ne, ba aikin babba ba. Shi ya karɓa.

To ina ya koya? A wurin Dikko mai tsire, in gaya muku. Wata rana ya sayi tsire, da ya buɗe takardar sai ya ga hoton injin nan an kwance shi, hanjinsa a waje, ga kibiyoyi suna nuna wurare. Ashe dilar takardun da Dikko ke saye don naɗi cike take da tsofaffin mujallun gem na ƙasashen Turawa. Tun daga ranar suka ƙulla ciniki irin nasu: Maigandi ya gyara masa rediyo duk lokacin da ta yi mura, shi kuma ya bar shi ya tsince mujallu kafin wuƙa ta raba su.

Dikko yakan ce, "Kai ɗai na san ka zaka wurin mai nama ka bar nama ka ɗauki takarda. Akuya ce kai?"

Maigandi ya ce, "Akuyar ta hi ka ilimi, ita ko ba ta karatu tana cinyewa. Kai yaji kaka zuba mai."

Turancin kuma Malam Abdussamadu ne ke karanta masa, wani malamin makaranta da ke zama a bencinsa in ya taso aiki. Ba kowace mujalla ke zuwa cikakkiya ba. Sau da yawa bayani zai kai tsakiya, sai a tarar sauran ya tafi da tsiren wani. Nan Maigandi zai zauna ya ƙura wa hoto ido har ya cike gurbin da kansa.

Ku da kuka girma a bencin nan, yanzu wasunku har da gemu, kun tuna. Kun tuna talabijin baƙi da fari da aka ɗora bisa kwalin madara. Kun tuna yadda kuke layi a kan mujallar da ta sha mai har ana ganin shafin baya ta cikin na gaba, kuna kallon hotunan wasannin da ba za su taɓa zuwa garin nan ba, kowa yana rantsuwa shi zai fara bugawa. Kun tuna ana kashe talabijin da an kira salla, ko da saura taku ɗaya mutum ya ci. Kun kuma tuna dokarsa guda: ba a hura wa kaset baki. Duk yaron duniya in kaset ya ƙi, hura shi yake. Maigandi kuwa sai ya daka tsawa, "Wa yac ce ka busa mai? Miyau na kaka zuba mai, tsatsa ta cinye haƙoranai! Kawo nan."

Cikin yaran nan akwai Nasrullahi, ɗan Kalilu, wani masinja da aka maido daga Sakkwato. Shekararsa goma sha ɗaya, siriri, mai yawan tambaya. Kawunsa ne ya kawo masa kaset guda tsaraba, shi kuwa ba su da inji a gida, don haka nan yake kawo shi. Kaset ɗin irin mai riƙe abu ne a kai. Ka rubuta sunanka, ka yi tafiya da ɗan mutum mai takobi, in ka kashe ka dawo gobe ka tarar da shi inda ka bar shi, ga sunanka, ga taurarin da ka tara a gefe. Layi biyu ne na suna. Na sama ya zo da sunan wani ɗan Turawa wanda ya mallaki kaset ɗin tun can, suna mai haruffan da ba wanda ya iya furtawa. Yara suka ce ya goge shi. Ya ce a'a, ɗan mutane ne, shi ma ya sha wahala kafin ya tara nasa. Sai ya ɗauki layin ƙasa.

Gurbi takwas ne a layin. Sunansa kuwa harafi goma. Ya danna ya danna, ya kai NASRULLA, inji ya tsaya.

"Baba Maigandi, injin ga ya cinye min HI!"

"To yunwa shika ji. Ka gode Allah da bai hwara daga gaba ba."

Daga ranar abokansa suka sa masa Nasrulla Ba-Hi, shi ma yana amsawa. Taurari takwas ake nema a gama wasan. Ya tara biyar.

Sai bazarar sanƙarau ta zo. Wanda bai ga shekarar nan ba, Allah kada ya nuna masa. Zafi kamar an kifa tukunya a kan gari, yaro ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sandare, kafin kwana biyu an ɗauke shi a tabarma. Maigandi ya rufe gem da kansa tun kafin a ce a daina tara yara, ya koma bin makara. Da ya sake buɗewa, bencin da ke ɗaukar goma sha biyu ana matsatsi, sai ga shi da wurin zama. Huɗu ba su dawo ba. Nasrullahi na cikinsu, ranar Talata ya kwanta, ranar Alhamis aka kai shi.

Mahaifiyarsa Baiwa ce, kuma shi ne ɗanta na fari. Kun san al'adarmu. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba, sai dai “yaron ga”, ko “wancan”. Ba ta yi masa wasa gaban mutane ba, da ya rasu kuma ba ta yi kuka gaban mutane ba, aka yi ta yaba mata kunya da dauriya. Tufafinsa aka bayar sadaka. Allonsa aka wanke aka ba wani. Littattafan makarantarsa gara ta shiga kwalin a damina. Hoto kuwa ba a taɓa ɗaukarsa shi kaɗai ba. Bayan shekara biyu Kalilu ma ya bi shi, Baiwa ta tattara ta koma gidansu a Argungu.

Amma tun kafin ta koma, wata rana da hantsi, Maigandi ya ɗaga kai ya ga mace tsaye daga nesa da rumfa, da ƙulli a hannu. Ta gaishe shi, ta kwance ɗankwali, sai ga kaset.

"Malam, cewa niy yi a duba min ko abin ga na da rai."

Maigandi ya gane kaset ɗin tun kafin ya taɓa shi. Ya goge haƙoran, ya tura, ya kunna. Sunaye biyu suka fito. Ita ba ta karatun boko, sai ya sa yatsa a kan layin ƙasa ya ce, "Wanga na. Da hannunai yar rubuta shi, ina zaune nan." Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambayi na saman, ya gaya mata. Ta ce, "Allah shi raya ɗan mutane." Ta naɗe kayanta ta tafi.

Shekara shida tana zuwa, duk bazara, daga baya ma tun daga Argungu a motar haya. Ba ta taɓa cewa a buga ba, ba ta taɓa zama ba. Kuma maganar ba ta canza ba, a duba mata ko abin na da rai. Duk wanda ke benci, Maigandi zai ce ya je ya sha iska. Ni ma sai a shekara ta uku na gane abin da ke kawo ta, na fara kiranta ta shigo ta sha ruwa.

Bana ne masu irin kaset ɗin suka fara zuwa da kuka ɗaya: kaset ya yi mantuwa. Jiya suna na nan, yau fili. Maigandi ya buɗe ɗaya ya ga dalili. Ashe wani ɗan batir ne a ciki, kamar sisi, shi ke riƙe da sunan dare da rana, kuma duk sa'o'in juna ne, ƙarfinsu ya zo ƙarshe tare. In ka bar shi, zai mutu da sunan. In ka cire shi don ka sa sabo, sunan ya tafi a daidai lokacin da ka ɗaga shi. Ranar bai iya cin abinci ba, don ya san wani kaset da ke naɗe cikin ɗankwali a Argungu.

Ya kwana uku yana juya mujallu har ya samo shafin. Malam Abdussamadu ya karanta: akwai dabara. A fitar da allon kaset daga kwansonsa, a tura shi cikin inji tsirara, a kunna, sai a canza batir ɗin injin yana aiki, don wutar inji ta riƙe sunan kafin sabon ya zauna. Hoto shida ne aka ce. Huɗu ke nan, biyun ƙarshe sun tafi da tsire. Ya gwada a kan kaset ɗinsa, na farko ya goge, na biyu ya goge, daga na uku har na tara ba wanda ya goge. Sannan ya hau mota ya je Argungu da kansa wurin Baiwa.

Abin da bai ɓoye mata ba shi ne idonsa. Yanar ido ta riga ta rufe na hagu, na dama ma sai da hantsi yake ganin ƙafar waya. Ya ce mata, "Hajiya, in mun bar shi, bana ko baɗi shi tahi da kainai. In mun taɓa, ko shi tsaya ko shi tahi yau. Idona kuma ba kamar da ba. Amma duk garin ga ban san wanda za ni miƙa ma shi ba." Ta ce, "Hannunka yas san shi. Ka yi."

Ranar Asabar aka yi. Baiwa ta zauna a tsakar gidana, na ba ta fura ba ta sha ba. A rumfa Maigandi ya haɗa inji da talabijin da batirin mota, don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Malam Abdussamadu ya riƙe masa gilashin ƙara girma. Sunaye biyu suna kan talabijin. Ya yi bisimilla, ya ɗauko ƙarfe daga gawayi, ya narka ƙafa ɗaya, ya narka ta biyu, tsohon batir ya fita. Suna na nan. Ya ɗora sabo, ya liƙa ƙafa ɗaya. Suna na nan. Ya kai dalma ga ƙafa ta biyu, sai wani ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba, ya zame daga bakin ƙarfe ya faɗa tsakanin wasu ƙafafu biyu. Bai ma gan shi ba. Malam Abdussamadu ne ya ga talabijin ta rikiɗe ta zama zane-zane.

Ya tsince ɗigon, ya gama liƙin, ya kashe ya kunna. Kaset ya tashi lafiya lau, da sabon batir da zai kai shekara goma. Layi biyu, duka fili.

Malam Abdussamadu ya ajiye gilashin. Sannan ya rage murya ya ce, "Maigandi, harafi takwas na fa. Minti ɗaya in rubuta shi. Na ɗan Turawan ma na hardace. Ka ce mata aikin sai jibi, in zauna in tara taurarin biyar. Ba ta karatu, wallahi har ta mutu ba ta ganewa. Tausayi na, ba cuta ba."

Kada ku zarge shi, mutumin kirki ne, ni ma da ni aka tambaya ban san me zan ce ba. Maigandi kansa ya gaya mini hannunsa har ya kai kan abin dannawa. Sai ya tuna ranar farko, da ya sa yatsa a gilashi ya ce mata da hannunsa ya rubuta. Abin da take hawa mota daga Argungu ta zo gani ke nan, ba haruffa ba. Ya ce, "Malam, sai ta shekara goma tana zakkuwa gaida hannunka, ni kuma ina tsaye ina nuna mata da yatsa? Ban iyawa."

Ya yi sallama a ƙofar gidana, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Ya tsaya a zaure, hula a hannu, dattijo mai furfura. Ya ce, "Hajiya, ya tahi. Ba batir ba na, ba wuta ba ta. Hannuna na."

A nan, a zaurena, Baiwa ta yi kukan da ba ta yi ba shekara shida da suka wuce. Ban hana ta ba. Shi ma bai ba ta haƙuri ba, bai kare kansa ba, ya tsaya kawai har ta gama. Da ta share fuska sai ta ce a kai ta ta gani.

Muka je. Ta kalli layukan nan biyu babu kowa. Ta ce, "Yaya yay yi har yar rubuta?" Maigandi ya nuna mata haruffan da ke jere a ƙasa, da yadda ake matsar da ɗan haske a kansu a danna. Ta miƙa hannu. Ta zauna a bencin, karo na farko, ta riƙe abin dannawa kamar mai riƙe ɗan tsako. Shi ba ya ganin ƙananan haruffa sosai, amma ya san mazauninsu da ka. Yana cewa, "Gaba ukku, ƙasa ɗaya. Danna." Ta danna. In ta wuce ya ce ta dawo. Matar da ba ta taɓa kiran sunan nan ba, ba ta kuma taɓa riƙe fensir ba, ta yi ta bi harafi harafi har takwas, inji ya tsaya.

Ta ce, "Ya cika?"

Ya ce, "Saura biyu. Ba wuri. Shi ma nan yat tsaya, har yac ce inji ya cinye mai."

Ta nuna layi na biyu da haɓa. "Wancan hwa? Ba hili na ba?"

Maigandi ya matso kusa da talabijin. Sannan ya ce, "Gaba bakwai. Danna."

Da ta gama, NASRULLA na sama, HI na ƙasa. Babu tauraro ko ɗaya. Amma tun da kaset ɗin ya shigo ƙasar nan, ranar ce sunan ya fara cika. Ta ce Allah ya raya ɗan mutane duk inda yake, ya yafe mata wurinsa da ta ɗauka. Ta naɗe abinta a ɗankwali.

Washegari Maigandi bai hura gawayi ba. Ya ce idon da ya zubar da amanar wani sau ɗaya ba ya jiran na biyu. Dama yara sun koma injin faifai da ake yayi yanzu, masu kawo kaset sun yi ƙaranci. Mujallun ya raba wa tsofaffin 'yan bencinsa, duk da Dikko ya zo yana cewa a maido masa jarinsa. Inji ɗaya kawai ya sa a akwati, da ƙaramar talabijin, da batirin mota. Ya ce ai Argungu za shi, bai kamata Hajiya ta ƙara hawa mota ba.

Maigandi, ɗan mai gyaran homa, kai ne ka ɗauki abin da manya suka raina don yara ne masu shi. Kai ne ka koyi sana'a daga takardar tsire, ka cike shafin da ya ɓata da haƙurinka. Kai ne ka gane abin da mace ta zo nema ba tare da ka sa ta faɗa ba, ka rufa mata asiri shekara shida. Gyare-gyaren da ka yi suka yi kyau sun fi dubu, ba wanda ya ƙirga. Ni kuwa na zaɓi wanda ya lalace a hannunka in yi maka jinjina da shi, don a nan ne aka ba ka ƙarya mai sauƙi, wadda ba mai kamawa, ka ajiye ta ka ɗauki hularka ka zo zaure. Mun gode. Allah ya haskaka abin da ya rage na idonka, ya jiƙan yaran bencinka huɗu da duk waɗanda bazarar nan ta ɗauka.

Ku kuma masu sana'a, mai gyaran mota, mai ɗinki, mai allura, ranar da abu ya lalace a hannunku, ku tuna da dattijon nan, ku je ku faɗa da bakinku. 'Yan benci kuwa, Argungu ba nisa. Ku je ku gaishe shi da hantsi, lokacin da zai iya gane fuskokinku. In kun tarar da wata dattijuwa zaune gaban talabijin tana kallon layi biyu, ku ja da baya ku sha iska har ta tashi.